Idan Baƙi Sun Zo Maka Akara: Yadda Za Ka Kai Su Kep Kos da Elmina a Ƙarshen Mako

Baƙon da ya taso daga Kano ko Damagaram ko Yamai ya sauka a wurinmu nan Akara, kafin ya gama shan ruwan maraba zai ce a kai shi ya ga teku. Yawancinmu 'yan zango sai mu ɗauke shi zuwa Labadi da yammacin Lahadi, a sha kiɗa da hayaniya, a hau doki, a ɗauki hoto, a dawo gida. Ba laifi ba ne, amma in baƙin naka sun yi maka kwana biyu ko uku, kuma kana so su koma da labarin da za su daɗe suna bayarwa, ka nausa da su yamma, zuwa Kep Kos da Elmina. A allon hanya Cape Coast za ka gani a rubuce, su kuwa Fanti masu garin Oguaa suke ce masa.

Abin da nake so ka riƙe tun farko shi ne, rana da teku da lokacin salla su ne za su tsara maka tafiyar, ba yawan wuraren da kake son a ce an je ba. Mai masaukin da ya rubuta wurare takwas a takarda zai dawo da baƙi masu ciwon ƙafa da fushi. Tafiya ɗaya a ƙasa a bakin ruwa, ɗaya daga cikin tsofaffin gidajen da Turawa suka tsare bayi, wanda za a shiga a natse, sai daji in da sauran ƙarfi. Ya isa.

Daga Akara zuwa Kep Kos kilomita 145 ne ko kusa da haka, a kan babbar hanyar da ke bin gaɓa zuwa Takoradi. A takarda tafiyar awa uku ce. A zahiri Kasoa, garin da ke kan hanya da an fita daga Akara, ita ce take yanke hukunci. Duk wanda ya fito da yammacin Juma'a bayan an tashi aiki, a cunkoson Kasoa zai yi magariba, wataƙila har da isha. Ni abin da nake yi, in hali ya yi, mu fito da safiyar Juma'a bayan asuba, mu riski sallar Juma'a a can, don Kep Kos tana da zango da masallatai a wajen kasuwar Kotokuraba. In aiki ya hana, to asubar Asabar, amma fa asuba ta gaskiya, ba wadda ake tsayawa jiran shayi ya huce ba. Ka tuna wa baƙinka su gyara agogo: Gana tana bayan Najeriya da Nijar da awa ɗaya, kuma a nan rana kan faɗi wajen ƙarfe shida duk shekara, duhu kuwa ba ya jira.

In kun kai mutum huɗu ko biyar, ku ɗauki shatar mota da direbanta na kwanakin gaba ɗaya. Tirotiro, wato ƙaramar bas ta haya, daga tashar Kaneshie ta fi sauƙin kuɗi, kuma in ni kaɗai ne ita nake shiga, amma ba ta tsayawa inda kake so, kuma a tafiyar bakin ruwa kuna buƙatar wanda zai sauke ku a wuri ɗaya ya je ya jira ku a wani. Ku gama ciniki da direba tun a gida: wa zai sa mai, wa zai biya masa masauki da abinci. Baƙi su riƙe fasfo ɗinsu ko katin shaida a jiki, ana haɗuwa da shingen 'yan sanda. Ka kuma canza musu kuɗi zuwa sidi, da ƙananan canji masu yawa, don mai kwakwa a ƙauyen masunta ba shi da canjin babbar takarda.

Game da lokaci a shekara, daga Nuwamba zuwa Maris an fi samun sararin sama, sai dai hazon hunturu kan dushe nesa a Disamba da Janairu. Mayu da Yuni ruwa ne kamar da bakin ƙwarya, ban ba ka shawara ba. Agusta akwai sanyi-sanyi mai daɗin tafiya, amma teku kan yi fushi. In kuna son biki, Bakatue na Elmina Talatar farko ta Yuli ake yi, Fetu Afahye na Kep Kos kuma Asabar ɗin farko ta Satumba. A waɗannan ranaku masauki sai wanda ya kama tun da wuri.

A hanya za ku wuce mararrabar Winneba, da Apam, da Mankessim mai babbar kasuwa, da Saltpond. Wuri ɗaya nake tsayawa, Abandze. Can a kan tudu, daga titi ma ana hango shi, akwai kangon sansanin da ake kira Fort Amsterdam. Turawan Ingila ne suka gina shi a shekarun 1630, 'yan Holan suka ƙwace a 1665 suka sa masa sunan garinsu. Hawan tudun minti kaɗan ne, kuma daga sama baƙo zai ga abin da ya zo gani a karo na farko yadda ya kamata: kwalekwale masu fenti jere a yashi, itatuwan kwakwa, da ruwa har iyakar ido. Rabin awa ya wadatar. Wannan ɗan hawan kuma zai nuna maka wane ne a cikin baƙinka yake haki da wuri, sai ka san yadda za ka auna tafiyar gobe.

Masauki, ka nema tsakanin Kep Kos da Elmina ko a yammacin Elmina. Garuruwan biyu kilomita 12 zuwa 13 ne tsakaninsu, duk inda ka kwana ka yi kusa. Kafin ka biya ka tambayi abu biyu: ko suna da injin wuta, da kuma ko akwai mashaya mai kiɗa a harabar. Daren Asabar a bakin teku yakan yi tsawo, kuma Alhajin da ka kawo ba zai gode maka ba.

Yanzu ga tafiyar ƙasa, wadda ita ce zuciyar abin. Safiyar Asabar nake ba ta, in mun iso tun Juma'a. Ku yi asuba, ku sha koko da ƙosai, waɗanda a ƙasar nan ko'ina za ka same su kuma galibi 'yan'uwanmu mata na zango ke sayarwa, ku kasance a kan yashi ƙarfe shida da rabi. Zuwa tara da rabi ku tabbata kun shiga inuwa. Mutanen arewa sukan raina ranar kudu, su ce su da suka saba da zafin Sakkwato. Zafin nan daban yake. Iska jiƙaƙƙiya ce, gumi ba ya bushewa, ga iskar teku tana yaudarar mutum ya ji kamar babu zafi alhali ruwan jikinsa yana ƙarewa. Kowa ya riƙe gorar ruwa babba, da malfa ko lema.

Inda na fi so shi ne gaɓar da ke yamma da Elmina, tsakanin ƙauyen Brenu Akyinim da Ampenyi. Yashi ne mai faɗi, da kwakwa, da 'yan duwatsu nan da can, kuma babu cinkoso. A tafiyar hankali da tsaye-tsaye kamar awa ɗaya ce. In baƙinka matasa ne ku je ku dawo da ƙafa, in da dattijo ko mai ciki ko yara, direba ya zagaya ta titi ya jira ku a ɗaya ƙarshen. Kada ka auna tafiyar yashi da ta titi. Kilomita uku a yashi mai laushi sun fi biyar a kwalta cin ƙafa.

Dabarar ita ce ku bi jiƙaƙƙen yashin da ruwa ya janye ya bari, shi ne mai tauri. Wannan ya sa dole ka duba lokacin cika da janyewar teku tun daren jiya. Teku kan cika sau biyu ta janye sau biyu a kwana ɗaya, kuma lokacin yana matsawa gaba da kusan minti 50 kullum. Ana samun jadawalin a waya in ka nemi na Takoradi ko Tema, amma mafi sauƙi ka tambayi masunci ko mai masaukinku. Ku fita lokacin da ruwa ke janyewa. In ya cika, a wasu wuraren zai matse ku da duwatsu, ko da manyan duwatsun da aka jibge don kare gari daga zaizaya, kuma hawa kansu da silifas neman karaya ne. Akwai kuma tafkunan da ke bayan yashi waɗanda bakinsu kan ɓalle ya haɗu da teku da damina. In kun tarar da irin wannan bakin yana gudu, kada ku tsallaka da ka, ku jira ɗan gari ya nuna muku inda ake bi, ko ku juya.

Maganar da nake yi wa kowane baƙo kafin mu sauka mota, ba da wasa ba, ita ce ba a wanka a nan. Gaɓar Gana tana da ja na ƙarƙashi mai ƙarfi, ruwan da ya bugo yashi yakan koma ta wata hanya siririya da gudu ya tafi da mutum ciki, kuma a irin waɗannan ƙauyuka babu mai gadin ceto. Wanda ya iya iyo a Kogin Kwara ko a madatsar Tiga bai iya wannan ba. A tsaya iya idon sawu, in an matsa iya ƙwauri, kuma ba a ba teku baya don ɗaukar hoto. Yara a riƙe hannunsu. Za a sami wanda zai ce ai shi ɗan Yawuri ne. Ka ce masa ka ji, amma amanarsa tana hannunka har ka mai da shi gida.

Tufafi, a bar babbar riga da shadda mai sitaci a masauki. Riga mara nauyi da wandon da za a iya naɗewa. Mata su sa hijabi gajere ko gyale da za a ɗaure tam, don iska tana cika dogon hijabi ta riƙa jan mutum, kuma gefen zane in ya jiƙe da ruwan gishiri ya kwashi yashi, tafiya ta lalace. Takalmin roba mai maɗauri ya fi komai. Tafiya ba takalmi tana da daɗi a inda yashi ke da tsabta, amma zan faɗa maka gaskiya: kusa da wasu ƙauyukan masunta mutane na yin bahaya a bakin ruwa da sassafe, ga robobi da teku ke amayowa. Ka gaya wa baƙinka tun kafin su gani, ku sa takalmi ku wuce wurin ba tare da yatsine fuska a gaban masu gari ba. Waya kuma a sa ta a leda, feshin gishiri yana kashe ta a hankali. Agogo mai tsada da sarƙa a bar su a ɗaki.

In kun yi sa'a za ku tarar ana jan taru. Maza ashirin ko fiye a layi biyu, suna jan igiya da waƙa, taru yana fitowa a hankali har ya zube kifi a yashi, mata na jira da manyan kwanoni. Ku yi sallama, ku gaisa. In kun kama igiyar kun taya su ja za su yi murna, kuma daga nan ne ake neman izinin hoto, ba kafin nan ba. Wannan na ɗaya daga cikin dalilan da suka sa ƙarshen mako ya dace: ranar Talata masuntan wannan gaɓa ba sa shiga teku, al'adarsu ce tun kaka da kakanni.

Salla ba ta da wahala a wannan tafiya. Nisan ya wuce na ƙasaru, kuma ruwan teku yana alwala, kifinsa halal ne, kamar yadda ya zo a hadisi. Alƙibla ma gaɓar da kanta tana nuna ta: ka sa teku a damarka, ka fuskanci wajen Akara, ka kusa daidai, sai ka gyara da waya. Abin da za ka kula da shi nama ne. A nan ana sayar da naman alade a fili, kuma miyar gidan abinci kan haɗa abubuwa da yawa. Ku tsaya a kan kifi, ko ku nemi masu wake da shinkafa da masu tsire na zango. Gasasshen kifi da dokunun Fanti, wanda ake naɗewa a ganyen ayaba, da ɗan shito, wato miyar barkono, a gefe, shi ne abincin wurin. Tsaminsa kan ba baƙo mamaki a loman farko. Ka sayi burodi ka ajiye saboda wanda zai kasa.

Bayan azahar da ɗan barci, sai gidan bayi. Akwai biyu manya, na Elmina da na Kep Kos, kuma duka suna cikin jerin wuraren tarihi na duniya na UNESCO tun 1979. Mutane kan so su shiga duka biyun a yini ɗaya. Ni ban yarda da haka ba. Na biyun ba ya shiga zuciya, sai ka ga baƙo yana duba waya a cikin kurkukun da ya kamata ya yi shiru. In kun iso tun Juma'a, ku shiga na Kep Kos da la'asar ɗin Juma'a, na Elmina ranar Asabar. In ɗaya kawai za ku iya, ku zaɓi Elmina.

'Yan Fotugal ne suka gina shi a 1482, don cinikin zinariya da farko, kafin cinikin mutane ya rinjaya. 'Yan Holan suka ƙwace shi a 1637, suka riƙe har 1872 da suka miƙa wa Ingila. Za a haɗa ku da ɗan jagora, kuɗin shiga na baƙo ya fi na ɗan ƙasa, kuma zagayen kan ɗauki kamar awa ɗaya. Turanci yake yi, saboda haka in baƙinka 'yan Nijar ne ka tsaya kusa da su kana fassarawa a hankali. Zai kai ku ɗakunan ƙasa inda aka tara maza, da farfajiyar mata wadda gwamna ke leƙowa daga bene ya zaɓi wadda yake so, da ɗakin da aka zana ƙoƙon kai a saman ƙofarsa inda ake kulle masu tawaye har su mutu, da cocin da ke tsakiyar gidan, da 'yar siririyar ƙofar da ake fitar da mutane zuwa jirgi. Wurin yana da zafi da wari da ƙarancin iska. Mai asma ko hawan jini ya tsaya kusa da ƙofa.

Kada ka bar baƙinka su ɗauka wannan tarihin wasu ne can. Da yawa daga cikin waɗanda aka tsare a ɗakunan nan daga arewa aka gangaro da su, kuma kasuwar Salaga, wadda fataken Hausa suka yi ta zuwa sayen goron Gwanja, kasuwar bayi ce ita ma. A nan kuma Turawan Ingila suka tsare Sarkin Asante Prempeh na ɗaya a 1896 kafin su kai shi Saliyo, daga baya tsibiran Seshel. Sojojin da Ingila ta yi yaƙin Asante da su a 1873 zuwa 1874 akwai Hausawa a cikinsu, waɗanda aka kawo daga Legas. Kakanninmu suna cikin labarin ta fuska fiye da ɗaya, kuma hirar da ake yi a mota bayan an fito takan fi zagayen kansa nauyi. Ka bar ta ta yi tsawonta.

Da kun fito, ku tsaya a kan gadar da ke bakin tafkin Benya ku kalli kwalekwale ɗaruruwa da tutocinsu, sannan ku hau tudun da ke fuskantar gidan, inda sansanin St. Jago yake. Daga kan wannan tudun ne 'yan Holan suka saita igwa a 1637 har 'yan Fotugal suka sallama, shi ya sa da suka ci suka gina sansani a kai don kada a yi musu irin abin da suka yi. Hawan gajere ne amma a miƙe yake. Ku je wajen biyar na yamma, za ku ga garin duka, da filayen gishiri, da teku. A cikin gari kuma za ku ci karo da gine-ginen siminti masu gumakan sojoji da jiragen ruwa, na ƙungiyoyin mayaƙan gargajiya ne da ake kira Asafo. A kalla daga waje, a tambaya kafin hoto. Asabar kuma ranar jana'iza ce a ƙasar Akan, wato su Fanti da Asante, in kun ga an toshe layi da rumfuna, jama'a cikin baƙi da ja, ku zagaya kawai.

Gidan bayi na Kep Kos kuwa, 'yan Suwidin ne suka fara shi a 1653, Ingila ta karɓe a 1664, kuma garin ne hedikwatar mulkinsu har 1877 da aka mai da ita Akara. Obama ya ziyarce shi a 2009. Gidan tarihin da ke samansa ya fi na Elmina bayani.

Lahadi ta dajin Kakum ce, kilomita 30 arewa da Kep Kos. Abin da ake zuwa dominsa gadar igiya ce da aka buɗe a 1995, gadoji bakwai a jere tsakanin manyan itatuwa, tsawonsu duka kamar mita 350, a wani wurin kana sama da ƙasa da mita 30 ko fiye. Ku isa da an buɗe, kafin motocin 'yan makaranta da na coci su cika wurin, don gadar in ta yi yawan mutane lilo take yi. Kafin a kai gare ta akwai hawan tudu mai matakala da ke sa gumi. Akwai giwaye a dajin, amma kada ka yi wa kowa alkawarin ganinsu. Kada kuma ka tilasta wa mai tsoron bisa. Bayan gadar farko akwai hanyar ratsewa, kuma wanda ya ce zai zauna a ƙasa ya jira, a saya masa kwakwa a bar shi. In a cikin baƙin akwai wanda tarihin jiya ya kama shi sosai, za ku iya musanya Kakum da Assin Manso a hanyar Kumasi, inda rafin da ake yi wa bayi wankan ƙarshe yake kafin a kai su gaɓa. Ɗaya za ku zaɓa, lokaci ba zai ba ku duka ba.

Ku kama hanyar gida kafin ƙarfe ɗaya. A mararrabar Yamoransa, da kun fito daga Kep Kos kaɗan, mata na jere da dokunu a bakin titi, nan ake sayen na tsaraba, kuma yana kwanaki bai lalace ba. Busasshen kifi kuwa a Elmina za ku saya tun Asabar, a naɗe shi a takarda, a sa a leda biyu, a ajiye a but nesa da jakar tufafi. In kun wuce Kasoa kafin huɗu, za ku yi la'asar a Akara.